Birkin Motar Hajiya Sista

Har yau ban manta da ranar da aka janyo motar Hajiya Sista da igiya aka shigo da ita garejinmu ba. Ƙarshen damina ne, ana yankan riɗi, wata Talata da hantsi. Lokacin ina aiki a garejin Alhaji Ɗanjuma a nan Dutse, ta wajen Takur. Ga waɗanda ba su riski wurin ba, Alhaji shi ne maigida, shi ke karɓar aiki shi ke sallamarsa. A ƙarƙashinsa akwai mu manyan ma'aikata, kowa da ɓangarensa: mai inji, mai wayarin, mai gyaran jiki, ni kuma birki da ƙafafun mota. Dokar wurin ita ce mota ba ta fita sai mai ɓangaren ya ce ya yarda da aikinsa, sannan maigida ya hau ya gwada da kansa.

Motar fara ce, ƙirar Faransa, irin ta da can mai giya a jikin sitiyari da doguwar kujera guda a gaba. Ta girme yawancinku da kuke zaune a nan. Fitilarta ta dama ta fashe, bamba ta lotse, ga ɓawon kankana ya bushe a jikinta. Amma da na leƙa ciki sai na ga kujeru tas, an shimfiɗa musu farin ƙyalle, ko ƙura babu. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san motar da ake so da motar da ake hawa kawai.

Wanda ya kawo ta Alhaji Nasiru ne, ɗan kasuwar riɗi da zoɓo daga Kafin Hausa. Ba gyara ya kawo ba. So yake maigida ya haɗa shi da 'yan gwangwan su zo su saye ta su farfasa. A kujerar baya ta tasa motar akwai wata dattijuwa zaune da farin mayafi da tabarau. Ita ce mahaifiyarsa, ita ce kuma mai motar.

A bakin Alhaji Nasiru muka ji labarin. Hajiya ungozoma ce ta asibiti, shi ya sa ake ce mata Sista. Tun tana aiki ta sayi motar, kuma da ita ta riƙa ɗauko mata masu naƙuda daga ƙauyukan kewaye. Ko bayan ta yi ritaya ba a daina buga mata ƙofa ba, ita ma ba ta daina fita ba. To, a makon da ya wuce tana dab da kasuwa sai mai amalanken shanu ya ɓullo mata a kan titi. Ta taka birki, motar ta bar hanya ta yi dama, ta afka rumfar wani mai kankana. Allah ya kiyaye mutumin ya yi tsalle, ƙafarsa kawai ta goge. 'Ya'yanta suka taru suka ce shekaru sun ja, ido ya rage, tuƙi ya ƙare. Suka karɓe mukulli.

"Ba ƙinta muke ba, Alhaji," in ji Alhaji Nasiru, yana duban maigida. "Yau rumfa ce, gobe ɗan mutane ne. Kuma muddin motar nan tana ƙofar gida, Hajiya ba za ta haƙura ba."

Ina zagaya motar ina dubawa sai na ji an yi magana daga bayana. Ashe Hajiya ta sauko.

"Malam, kai ne mai birki?"

Na russuna na gaishe ta, na ce ni ne, sunana Isa.

"To, Malam Isa, ni ban kauce ba. Sitiyari yana hannuna a miƙe. Fizge ni ta yi."

"Hajiya, ai na gwada a ƙofar gida," in ji ɗanta cikin ladabi. "Birkin yana ci."

Ba ta dube shi ba, ba ta kuma kira sunansa ba, tunda ɗan fari ne. Ni ta ci gaba da kallo. "Shi a hankali ya taka. Ni kuwa shanu ne a gabana."

Wannan magana ita ta tsayar da ni. Birkin da ke ci a hankali ya kuma ja gefe in an danna da ƙarfi, na san irinsa. Na nemi iznin maigida in buɗe ƙafafun gaba kafin a kira kowa. Ya ce buɗewa ba ta hana sayarwa, in buɗe.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba 'yan sana'a ba. Motocin da, ƙafafunsu huɗu duk birkin daram ne. Daram wani kaskon ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai ƙarafa biyu masu siffar jinjirin wata, su muke kira shu. A bayan kowane shu an kafa wani abu mai kama da busasshiyar fata mai kauri, shi ne layinin. In direba ya taka birki, shu ya buɗe, layinin ya dafe cikin daram, taya ta tsaya. Duk ƙarfin birki a bushewar layinin yake. In mai ya taɓa shi, to ya zama santsi.

Na ɗaga motar a jak na fara da dama. Layinin a bushe, launin toka, da sauran kauri sosai. Na koma hagu, ina zare daram sai warin giris ya buge ni. Layinin ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi kamar an tsamo shi daga kaskon ƙosai. Wani ya taɓa gyara boris ɗin ƙafar, ya danƙara giris fiye da kima, robar da ke tare shi, wato sil, ta tsage, zafi ya narkar da giris ya malalo ciki. Na kira Alhaji Nasiru na ɗora yatsansa a kan na dama, na kuma ɗora a kan na hagu.

Na ce, "Alhaji, in an danna birki da ƙarfi, dama ta kama, hagu ta zame. Dole mota ta yi dama. Ko ni ne a ciki, rumfar nan zan shiga."

Ya daɗe yana kallon yatsansa. Sannan ya juya wajen mahaifiyarsa ya ce, "Hajiya, ki yafe mana." Ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan, ashe yanzu ta fara.

Maigida ya buga waya Kano, wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Ɗaya ya ce rabonsa da ganin irin wannan shu tun yana yaron shago. Wani ya aiko da nasa washegari, muka gwada, ya yi siriri, ramukan ma ba su dace ba. Na uku ya ce zai sa a nemo daga Kwatano, amma bai san ranar zuwansa ba, ko ma zai zo. Da suka dawo jin inda aka kwana, Alhaji Nasiru ya ce shi kam ya gamsu laifin mota ne, amma hakan bai sauya komai ba.

"Ba zan mayar da mahaifiyata cikin motar da aka yi wa birkinta dabara ba. In za a iya gyara na gaskiya, na yarda. Ina da aboki, Malam Habu, jami'in duba lafiyar motoci ne. In ya gwada ya ce ta yi, mukulli nata ne. In ya ce ba ta yi ba, a kira masu gwangwan." Ya ba mu zuwa Juma'a ta sama.

Bayan sun tafi maigida ya ce da ni, "To, ka zuba wa layinin fetur ka ƙyasta ashana mana, kamar yadda kowa ke yi."

Kun san wannan aiki, wasunku ma kun yi. Wuta tana cinye man da ke sama, layinin ya fito a bushe, kowa ya yi murna. Amma wutar tana gasa abin da ya haɗe layinin ɗin, ya yi gautsi, wata rana a tsakiyar hanya ya tsage ya zube cikin daram. Na ce da maigida in na ƙona wannan ba ni da wani, kuma ba zan iya cewa na yarda da shi ba. Ya ce, "Ɓangarenka ne." Ya wuce.

Na fara da abin da na sani. Na ɗaura ƙyalle a hanci, domin ƙurar layinin irin na da guba ce ga huhu, ba a hura ta da baki, ba a kaɗe ta da iska, da jiƙaƙƙen tsumma ake ɗauke ta. Na cire shu biyun na hagu, na kankare giris ɗin da ya daskare, na wanke su da maganin wanke birki na gwangwani, wanda ake fesawa ya bushe nan take. Na goge da burushi, na sake fesawa, har ruwan da ke sauka ya daina baƙi. Na shanya a rana. Na wanke daram, na kwashe giris ɗin da ya yi yawa a boris, na sa sabon sil, wanda shi kam muka dace da daidai shi a nan Dutse. Da na dubi layinin ya yi haske, ya bushe a hannu, sai na ji daɗi. Na ɗaura komai na kira maigida gwaji.

Muka hau titin bayan gari, shi ke tuƙi. Ya taka birki, ta tsaya a miƙe. Ya sake, ta tsaya a miƙe. Ni har na fara murmushi. Ya ci gaba da gudu yana takawa, yana gudu yana takawa, don daram ya ɗauki zafi, haka ake gwaji. Can sai ya danna da ƙarfi, motar ta yi wata irin fizga dama, tayar gaba ta sauka daga kwalta, hularsa ta faɗo kan cinyata. Muka dawo gareji. Na buɗe ƙafar tun da zafinta, sai ga layinin yana gumin baƙin mai, kamar ban taɓa wanke shi ba.

Maigida ya ce, "Isa, tausayi ba ya gyara birki. Ka buga wa mutumin nan waya ka gaya masa gaskiya."

Na ce ya ba ni zuwa lokacin da aka ɗiba mana. Ya kaɗa kai ya ce in dai sauran ayyukana ba za su tsaya ba.

Na koma gida raina a jagule. Abin da ya dame ni shi ne na gane matsalar amma ban ga maganinta ba. Layinin yana shan mai kamar yadda tubali ke shan ruwa. Wanki sama kawai yake taɓawa, na ciki yana nan a kwance, sai zafi ya taso da shi. Zafin da zai fito da shi kuwa, in na wuta ne, ya kashe layinin.

Da safe ina shirin fita na tarar da mai ɗakina, Binta, a tsakar gida da farar rigata ta Juma'a, wadda man gyaɗa ya ɗiga a gabanta wajen wani suna. Ta barbaɗa hoda a kan tabon, ta ɗora takarda, ta dafa da dutsen guga mai ɗumi. Ta ɗaga, hodar ta yi rawaya. Ta karkaɗe ta zuba sabuwa.

Na ce, "Ba kin wanke ta jiya ba?"

"Na wanke, Malam. Amma wanda ya shige cikin zare sabulu ba ya kai masa. Sai an yi masa ɗumi ya fito da kansa, a kuma tanadar masa wurin da zai shiga, in ba haka ba ya koma."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ina kallonta, har ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, ta ci gaba. Na tsaya sai da na ga hodar ta fito fara.

A hanya na biya kasuwa na sayi alli mai yawa, na sa aka daka shi ya yi laushi. Na samo tsohon farantin ƙarfe a bayan gareji, na zuba yashi a ƙasansa kamar mai suyar gyaɗa, don kada zafi ya taɓa shu kai tsaye. Na sake wanke shu ɗin da magani, na bar su a rana har warin ya fita gaba ɗaya, saboda maganin nan da wuta ba sa ga-maciji. Sannan na shimfiɗa alli a kan yashi, na kwantar da su, na binne su da sauran allin, na ɗora a kan garwashi kaɗan can nesa da motoci. Zafin da nake so shi ne wanda hannu ba zai iya daɗewa a kai ba, amma ba hayaƙi ba ƙauri. In na ga garwashi ya yi yawa in janye, in ya yi sanyi in ƙara.

Da na tone su karon farko, allin da ya manne wa layinin ya koma kamar laka, baƙi, yana danƙo. Na kankare, na bari suka huce, na wanke, na shanya, na sake binnewa a sabon alli. Karo na gaba ya fito ruwan ƙasa. Haka na yi ta yi tsakanin sauran ayyukana, yau da gobe. Abokan aiki suka sa mini suna Isa mai gyaɗa. Mai wayarin kullum sai ya zo ya miƙo hannu ya ce a auna masa ta hamsin, mai gishiri.

Ana cikin haka wata rana da azahar sai ga Hajiya Sista ita kaɗai. Motar haya ta hau daga Kafin Hausa, ba ta gaya wa kowa ba. Na ba ta benci a inuwa, ta zauna tana kallon abin da nake yi, na yi mata bayani. Ta ce su ma a asibiti haka ne, ciwon da aka rufe da ruwa a ciki sai ya sake fashewa. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa:

"Malam Isa, in tambaye ka tsakani da Allah. Ka tabbata motar ce? Tun ranar nan nake ta juya abin a raina. Da na rantse ban kauce ba. Yanzu kuwa, da kowa ya yi ta faɗa, har na fara cewa ko dai hannuna ne ya kuɓuce ban sani ba."

Na ce, "Hajiya, maigidana lafiyayye ne, idonsa garau, shekara da shekaru yana tuƙi. Shekaranjiya motar nan ta sauke shi daga kwalta, har hularsa ta faɗi."

Ta yi dariya ta rufe baki da mayafi. Amma na lura dariyar ba ta kai zuci ba.

Ranar Laraba allin ya fito fari fat, kamar yadda na zuba shi. Ban yarda ba, na sake binnewa na ƙara masa zafi kaɗan. Ya sake fitowa fari. Na duba layinin ko'ina, babu tsaga, ƙusoshin da suka riƙe shi suna nan daram. Na jiƙa samfefa, takardar nan mai kaushi, na goge fuskarsa a hankali, na goge na dama ma daidai haka, na goge cikin daram biyun, domin birki tagwaye ne, abin da ka yi wa ɗaya sai ka yi wa ɗan'uwansa. Na ɗaura, na saita kowace ƙafa har taya tana juyawa da ɗan gogar da kunne kawai ke ji. Na fita ni kaɗai na ba ta wuya har daram ya yi zafin da ba a taɓawa, na dawo na buɗe. A bushe. Maigida ya hau washegari, ya yi mata abin da ya fi na farko. Da muka dawo sai ya kira mai gyaran jiki ya ce a buga bambar nan a sa fitila, kada a kawo baƙi su ga mota a haka.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci suka zo, Alhaji Nasiru da Hajiya da Malam Habu. Malam Habu dogo ne marar yawan magana, kuma abokantaka ba ta sa ya yi sassauci ba. Ya sa na sake buɗe ƙafar hagu ya gani da idonsa, ya shinshina layinin, ya danna da farce. Ya tambaye ni ko wuta na sa, na gaya masa abin da na yi. Ya shiga ƙarƙashin mota ya bi bututun man birki ɗaya bayan ɗaya. Ya taka feda ya riƙe, ya ga ko za ta nutse. Ya ja birkin hannu. Sannan ya ce mu tafi.

Ya kai mu wata hanyar burji da ke gangarowa daga gindin duwatsu ta miƙe tsakanin gonaki, inda babu jama'a. Ya gangaro yana taka birki tun daga sama don ya gasa shi, ya hau ya sake gangarowa, ya kuma sakewa. Ni ina tsaye a gefe da maigida. A gangarowar ƙarshe ya sako ta da gudu, yana isowa daidai mu ya danna birki gaba ɗaya. Tayoyi suka ja ƙasa, jar ƙura ta tashi. Da ta lafa sai ga motar a tsakiyar hanya, hancinta yana kallon inda ta dosa. Ya fito ya bi sawun tayoyin da ƙafa, ya dawo. Layi biyu ne a miƙe, tsawonsu ɗaya.

Ya ce, "Nasiru, birkin nan ya fi na motarka. In sabon layinin ya samu a sa, a kuma riƙa kawo ta ana dubawa. Amma mota lafiyarta ƙalau."

Maigida ya dafa kafaɗata ya matse. A wajensa wannan ya fi doguwar magana.

Alhaji Nasiru ya karɓi mukulli ya je ya durƙusa ya miƙa wa mahaifiyarsa da hannu biyu. Ta karɓa, ta shiga, ta gyara madubi, ta ɗora hannu a sitiyari. Sai ta zauna haka nan ba ta tayar ba. Na matso kusa da taga.

"Malam Isa, ko kai za ka mayar da ita gareji? Ni na bi yaron nan."

Na zagaya na buɗe ɗaya ƙofar na zauna. Na ce, "Hajiya, dokar garejinmu mota ba ta fita sai an gwada. Kowa ya gwada, saura mai ita."

Ta yi bisimilla ta tayar. Muka tafi kamar masu rakiyar gawa. Na ce ta ƙara wuta, ta ƙara kaɗan. Na ce ta taka birki, ta taɓa shi a hankali kamar mai tsoron ya cije ta. Muka juyo. Na ce, "Hajiya, wannan ba gwaji ba ne. Ki sa giya ta uku. Kin ga bishiyar dabinon can? In mun zo daidai ita, ki ɗauka shanun nan ne suka fito."

Ta ciji leɓe. Na ji injin ya buɗe murya, na ga ta gyara zama, kafaɗunta suka sauko, hannunta ya kai giya ba tare da ta duba ba. Dabino ya matso. Ta danna birki da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, har sai da na dafe gaban mota. Muka tsaya cak, a miƙe.

Ta daɗe tana kallon hanya. Sannan ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Ashe dai ban kauce ba."

Na ce, "Ba ki kauce ba, Hajiya."

"To, riƙe da kyau, zan sake."

Sai da ta yi sau da yawa, kowanne ya fi na baya gudu, har maigida ya fara ɗaga mana hannu daga nesa. Da muka koma ta leƙo ta taga ta ce da ɗanta ya shiga tasa motar ya biyo ta a baya, kuma ya bar tazara, don birkinta yana ci. Malam Habu da bai yi dariya ba tun zuwansa, sai da ya riƙe ciki. Haka suka kama hanyar Kafin Hausa, farar mota a gaba.

Sabon shu ya iso bayan an gama girbi, ta kawo motar da kanta na sa mata hagu da dama. Ina faɗa muku wannan don kada wani ya fita daga nan ya ce Malam Isa ya ce a daina sayen layinin. In akwai sabo, sabo za ku sa, babu wata magana. Abin da na yi na ranar da babu ne, kuma sai layinin yana da kauri, bai tsage ba, an toshe inda man ke fitowa, an kuma gwada da zafi an sake buɗewa an gani. Hajiya ta ƙara wasu shekaru tana tuƙi. Ranar da ta ji idonta ya fara gajiya da hasken yamma, ita da kanta ta kira 'ya'yanta ta ajiye, ba wanda ya karɓe mata.

Abin da na koya shi ne, mu makanikai muna saurin yanke wa direba hukunci, musamman in tsoho ne ko mace, mu ce hannunsa ne. Mutumin da ya shekara da shekaru a cikin mota ɗaya ya san numfashinta fiye da kai da ka gan ta yau da safe. In ya ce ta yi masa abu, ka ajiye ra'ayinka ka ɗauko jak. Na kuma koyi cewa a birki babu "ai ya yi kyau a ido". Kowane aiki na mota in ka kuskure mai ita zai dawo ya yi maka faɗa. Birki ne kaɗai in ka kuskure ba lalle ya dawo ba. Don haka kafin ku ɗaura taya ku ce an gama, ku tambayi kanku ko za ku yarda ku zauna a kujerar gaba, tsohuwa tana tuƙi, ku ce mata ta ƙara wuta.